Amsoshin Tambayoyinku: Wa za ka bar wa gida idan ka tafi Sallah?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Babbar Sallah ta ƙarato, wasiƙu sun yi tuli a gabana, lokaci kuma ba ya jiran kowa. Baƙonmu na yau tsohon jami'in kashe gobara ne. Malam, sannu da zuwa.

Ta farko daga wani bawan Allah a Funtuwa take. Ya ce ya ɗaure ragon layyarsa a ƙofar gida, ko akwai matsala? Haba Alhaji! Ka shigar da shi ciki. Maƙwabta sun riga sun ga girmansa, ya isa haka.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi na neman lambar gaggawa. A Nijar 18 ce ta 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda. A Najeriya a kira 112, kyauta ne.

To, ga wadda mutane da yawa suka aiko, daga Kano, Kaduna har da Zangon Kumasi: za mu tafi ƙauye Sallah da iyali gaba ɗaya, yaya za mu bar gida?

Ni dai a ganina, kafin ka je kasuwa neman ƙaton kwaɗo, ka fara neman maƙwabci. Mutum ɗaya, wanda ka yarda da shi. Ka gaya masa ranar tafiya da ranar dawowa, ka bar masa makulli da lambar wayarka. Na sake faɗa: mutum ɗaya. Ba majalisar mai shayi ba. Ɓarawo ido yake sa wa gida: ƙura ta taru a bakin ƙofa, kwana uku ba a share ba, fitilar waje na ci har tsakar rana. Idan maƙwabci na leƙawa, ana yayyafa ruwa ana shara, sai a ɗauka da mutane. Idan unguwarku akwai 'yan sintiri, ka sanar da shugabansu, kuma ka biya kuɗin watan da ake binka, don na san wasunku.

Ku kuma 'yan mata da samari, a yi haƙuri da Facebook da WhatsApp. "Mun kama hanya, sai bayan mako guda." To wa kika gaya wa? Ki adana hotunan, idan kun dawo kya watsa.

Abu na biyu, wuta. Shekarun baya na taɓa jona hita a bokiti, aka ɗauke wuta, na manta, muka tafi idi. Kafin mu dawo an kawo wuta, ruwa ya ƙone, bokitin roba ya narke. Maƙwabciyarmu ce ta ji ƙauri ta sa aka ɓalle ƙofa. Tun daga nan ba na fita sai na kashe babban makunni. Malam, ko ba haka ba?

"Haka ne. Amma ni abin da ya fi damuna gas ne. Da can icce da gawayi muka sani, kana ganin wutarka da idonka. Yanzu kowace amarya da tukunyar gas ake kai ta, ba wanda ya koya mata. Shi gas ya fi iska nauyi, idan yana zuba ƙasa yake kwanciya. Kin ji warinsa, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin fitila, ki rufe kan tukunyar ki buɗe tagogi. Idan kina shakkar tiyon, shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa to yana yoyo. Sannan suyar naman layya. Mai ya kama da wuta, sai a ruga a watsa ruwa. Kul! Ruwa tashi zai sa ta yi. A kife murfi, ko a zuba yashi."

Malam, kan masu tafiya muke.

"Ai duk ɗaya ne. Su rufe kan tukunyar kafin su fita."

Madalla. Kun dai ji: maƙwabci ɗaya, a kashe makunni, a rufe gas.

Wata Hajiya daga Zariya ta ce idan ta kashe wuta naman da ke firji fa? Hajiya, soye shi ƙarau, ko ki rabar. Dangi na jira.

Wani matashi daga Gusau na tambaya ko zai iya shigar da janareta ɗaki da dare saboda ɓarayi. A kashe, e. A kunne, a'a ɗana, ko a zaure ne. Hayaƙinsa na kashe mutane suna barci. Ka yi masa keji na ƙarfe a tsakar gida, nesa da taga.

Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. Mai tambaya kan karen gadi, mun ajiye taka sai mako mai zuwa. A yi Sallah lafiya.