Abin da ya sami Kawu a hanyar Ta'if: hirar taya da tiyub

HABU: Assalamu alaikum jama'a, mun dawo. Ni ne Habu daga nan Jidda, ga Nura, ga kuma Kawu, wanda ya tafi Ta'if a kan babur ya dawo a kan saɗha, wato motar ɗaukar abin hawan da ya lalace.

KAWU: Au, tun daga sallama za ka fara?

NURA: Kawu ai tun Juma'a guruf bai yi barci ba. Hoton nan naka a gefen titin Hada, biri riƙe da ledar burodinka...

KAWU: Ba burodi ba ne, tamis ne, da zafinsa na saye shi. Kuma birai biyu ne, ɗaya ya ɗauke mini hankali ɗaya ya yi aikin.

HABU: Wato da shiri suka zo.

KAWU: Wallahi sun fi wasu mutane tsari. Babban ya hau kan sirdi ya zauna yana kallona, kamar shi ya biya kuɗin inshora.

NURA: Da ka ba shi makulli ya gwada.

KAWU: Da wace ƙafar? Ƙafar baya ta kwanta. Af, kun san abin da ya ba ni dariya farkon zuwana ƙasar nan? Na je banshar, wato shagon faci, na ji mutumin yana ce wa taya kafar, kafar. Na ce ashe Balarabe ma ƙafar mota yake cewa, Hausa ya sata.

HABU: Kawu wannan labarin karo na nawa ke nan?

KAWU: Masu sauraro ba su ji ba.

NURA: Sun ji a shiri na bakwai, sun ji a na sha ɗaya.

KAWU: To su ƙara ji. Bari in faɗi abin da ya faru, don wasu a guruf suna cewa ƙusa na taka. Ba ƙusa ba ce. Sati biyu kafin tafiyar na sa sabuwar taya a baya, 130/90-16. Na biya, na tafi shan shayi, ban tsaya a kansu ba. Ashe yaron shagon tsohon tiyub ɗina ya mayar cikin sabuwar taya. Shi tiyub in ya daɗe a ciki miƙewa yake yi, ya saki jiki. Ka tura shi cikin sabuwar tayar da ba ta buɗe ba, sai ya naɗe. Da muka fito da shi na ga layin naɗin da idona, tsawon ɗan yatsa, robar ta yi sirit a wurin kamar ledar shago, nan ya tsage. Ga zafin kwalta, ga hawan dutse, ga kwana a kan kwana.

NURA: Kuma iskar lokaci ɗaya ta fita?

KAWU: Fuu! Ai nan ne bambancin. Tublas, wato taya marar tiyub, in ta taka ƙusa, ƙusar kan toshe ramin, tana sacewa a hankali har ka kai gari. Tiyub kuwa ba ya sallama. Allah ne ya kiyaye ina tafiya a hankali.

HABU: To tambayar da ta fi yawa ke nan. Wani ya ce tayarsa an rubuta mata tublas a jiki, don me zai sa tiyub?

KAWU: Ya dubi wilinsa. In na sifoko ne, kowane sifoko ya huda rim ya shiga ciki, ramuka wajen arba'in. Ta ina iska za ta zauna? Taya ta ce tublas, rim ya ce bai san zancen ba. Sai irin na BMW GS da sifokon yake kamawa a bakin rim ta waje, wannan daban ne. Namu na yawo a Kornish, titin bakin teku, dole tiyub. Ana sa tiyub a tayar tublas, amma tana ƙara ɗaukar zafi, shi ya sa ake cewa ka ɗauka darajar gudunta ta sauka mataki ɗaya. Harafin H a jikin taya kilomita 210 ne a awa, to kada ka ce za ka gwada.

NURA: Wa zai kai 210 da babur mai nauyin raƙumi?

KAWU: Akwai su, ka san su, ba zan kama suna ba. Sannan robar nan da ake zagaya cikin rim da ita, mai rufe kawunan sifoko. Ba ta da tsada ko kaɗan, amma mutum ya sayi taya ta ɗaruruwan riyal ya bar ta a bushe tana farfashewa. Kan sifoko ɗaya ya leƙo, ya ci tiyub. Duk sabuwar taya, sabon tiyub, sabuwar robar rim, uku tare.

HABU: Ni ina ganin gara mutum ya sa tiyub mai kaurin nan, na 'yan tsere a rairayi, ya huta.

KAWU: A'a Habu. Wancan mai milimita 4 don sahara aka yi shi, inda ake rage iska. Ka hau titin Madina da shi da rana tsaka, zafi zai yi ta tarawa. Na butil na yau da kullum ya ishe ka, ya ma fi na robar asali riƙe iska. Ka dai dubi bawul. Wani rim ɗin raminsa a tsakiya yake, wani a gefe, musamman inci 16 na wasu Harley. Ka sa na tsakiya a ramin gefe, bawul ya karkace, wata rana ya yage daga gindi.

NURA: Ni abin da na koya kwanan nan lambobi huɗun nan ne na ƙarshen lambar DOT da ke jikin taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Wata mai farin gefe aka nuna mini, kyakkyawa, an yi mini ragi har na yi mamaki. Na duba na ga 2319, wato mako na 23 na 2019. Ko ƙasa ba ta taɓa ba amma ta tsufa a sito.

KAWU: A zafin Jidda kuwa! Ka danna ta da farce ka ji kamar itace. Ka bar musu abinsu.

HABU: Farin gefen nan dai wahala ne, kowace Juma'a mutum na durƙushe da buroshi.

KAWU: Wahala ce mai daɗi. Ka taɓa ganin ango da dattin hula?

NURA: Shi ya sa birin ya zaɓi naka.

KAWU: Ka ga, ka dawo da birin nan. Nura, ni fa kawunka ne.

NURA: Allah ya huci zuciyar Kawu.

HABU: To mun yi alkawarin yau za mu yanke tsakanin tayoyin Dunlop D402 da Metzeler ME888 da Michelin Commander, har da Shinko 777 ga mai ƙaramin aljihu. Kawu, a taƙaice.

KAWU: Ba a taƙaita wannan. Sai na fara da lambar nauyi, don lamba 73 a jikin taya kilo 365 ke nan, in kana ɗaukar uwargida da jakunkuna... wancan kiran Magariba ne?

NURA: Shi ne.

HABU: To sai mako mai zuwa. Ku auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Kawu, makullinka ga shi can ƙarƙashin kofin shayi.