Turbobin Dutsen Suda da Gandun Raida: Laccar da Aka Gabatar a Jidda

An gabatar da wannan lacca ne a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, da ke Jidda bayan sallar isha'i, a gaban iyalan Hausawa mazauna garin, gab da shigowar hutun zafi. Ga abin da mai laccar ya faɗa, kamar yadda aka kwafo shi daga na'urar ɗaukar murya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Iyayena, yayyena da ƙannena, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaban taro ya nemi in yi magana a kan duwatsun Asir da ke kudu maso yammacin Saudiyya, domin da yawa daga cikinku kuna shirin kai iyalanku Abha idan zafin Jidda ya tsananta. Na karɓa da sharaɗi ɗaya, shi ne a bar ni in yi magana a kan tafiyar ƙafa, saboda na lura cewa yawancinmu idan muka isa can muna ajiye mota a bakin hanya, mu shimfiɗa darduma, mu ci kabsa, mu ɗauki hoto, sannan mu dawo muna cewa mun ga dutse. A ganina wanda ya yi haka bakin dutsen kawai ya gani. Kuma abin mamaki ne a ce mu, jikokin mutanen da suka taso daga Kano da Sakkwato da Damagaram suka ratsa Chadi da Sudan da ƙafa domin sauke farali, tafiyar awa biyu ce take gagarar mu.

Bari in fara da yadda ƙasar take. Jerin duwatsun Sarawat ya miƙe ne daga wajen Ɗa'ifa har cikin Yaman, yana fuskantar Bahar Maliya. Ta gabas yana sauka a hankali zuwa hamada, amma ta yamma ya yanke ne kamar an sa wuƙa, ya faɗa kan filin Tihama mai zafi. Garin Abha yana bisa tsayin da ya haura mita 2,200, Dutsen Suda kuwa, wanda ke arewa maso yammacin garin, ya kai kimanin mita 3,000. Domin ku kwatanta, dutse mafi tsayi a Najeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne. Iskar da ta ɗebo laima daga teku idan ta bugi wannan bango sai ta hau sama, kuma duk mita 1,000 da ta hau zafinta yana raguwa da kimanin digiri 6, har laimar ta zama gajimare da hazo. Shi ya sa yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan, shi ya sa kuma mutum zai tsaya a Suda a watan Yuli yana neman rigar sanyi, yana kallon gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa.

Wannan hazo shi ke ciyar da itacen da Larabawa ke kira ar'ar, wanda shi ne sarkin itatuwan wurin. Ganyensa siriri ne, ba ya kaɗewa da rani, kuma idan hazo ya ratsa ta cikinsa sai ruwa ya taru ya riƙa ɗiga a gindinsa, tamkar itacen yana yi wa kansa ban-ruwa. A rassansa za ku ga wani abu mai kama da gansakuka yana lilo kamar gemun tsoho. Domin kare wannan daji aka kafa gandun ƙasa na Asir a shekarar 1981, wanda shi ne na farko a Saudiyya, daga baya kuma aka keɓe gangaren Raida da ke kusa da Suda ya zama wurin da aka hana farauta da saran itace. Raida ƙaramin wuri ne, faɗinsa bai wuce kimanin murabba'in kilomita 9 ba, amma saboda tsananin gangarensa, wanda ya sauka ta cikinsa zai ga ciyayi suna canjawa a gaban idonsa: a sama ar'ar, a tsakiya zaitun na daji, can ƙasa kuma itatuwan ƙaya da duma-duman wurare masu zafi irin waɗanda muka sani a gida.

Kada ɗalibai su ɗauka cewa keɓe daji baƙon abu ne da aka aro daga Turai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, kuma wannan shi ne abin da littattafan fiƙihu ke kira hima. Ƙabilun Sarawat sun daɗe suna da nasu hima, inda suke hana kiwo ko sara na wani lokaci domin ciyawa ta farfaɗo, ƙudan zuma su sami fure.

Yanzu ga turbobin kansu. Mutanen wurin suna kiran hanyar da ta sauka daga kan dutse zuwa Tihama aƙaba, kuma tun kafin a fasa dutse a yi titin mota, waɗannan turbobi ne suka haɗa mutanen sama da na ƙasa. Na sama suna saukar da alkama da sha'ir, na ƙasa suna hawo da dawa da gishiri da kayan da suka shigo ta teku, duk a bayan jakuna da raƙuma. Idan kun bi ɗaya daga cikinsu, ku dubi yadda aka jera duwatsu a wuraren da ƙafa za ta iya zamewa, da yadda turbar take lanƙwasa hagu da dama domin dabba mai kaya ta iya hawa, da gonakin da aka yanka hawa-hawa kamar matakala domin su riƙe ruwa da ƙasa. Wannan duka aikin hannu ne, kuma daga cikin mota ba a ganinsa. A ƙarƙashin Suda ne ƙauyen Rijal Alma'a yake, mai dogayen gidajen dutse da aka ƙawata da farin dutse mai ƙyalli, kuma a cikin ɗakunan akwai zanen bangon da mata ke yi, wanda ake kira ƙaɗɗul Asiri, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a shekarar 2017. Duk wanda ya san zanen gidajen Zariya da Kano zai tsaya ya daɗe a gabansa.

Akwai abu ɗaya da nake so matasa su riƙe, domin shi ke jefa mutane cikin wahala. Wanda zai hau Dala ko Jabalun Nur yana farawa ne da hawa, lokacin da ƙarfinsa yake cike, sannan ya sauko. A Asir kuwa motarka tana sama, saboda haka da gangara kake farawa, kana jin daɗi kana hira, har ka yi nisa ba ka sani ba, sai ka juyo ka tarar hawan yana jiranka bayan ka gaji, ruwanka ya ragu, rana ta yi zafi, kuma iskar da ke wannan tsayi ba ta cika ƙirji kamar ta Jidda. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, na gangara cikin minti arba'in, dawowar ta ci mini fiye da awa biyu. Ku ware wa dawowa aƙalla ninkin lokacin sauka, ku fita bayan asuba, domin hazo da ruwa da ƙanƙara sun fi saukowa bayan azahar, kuma hazon yakan rufe turba cikin 'yan mintoci. Kada ku yi zango a cikin kwari ko da sama garau take a inda kuke, saboda ruwan da ya sauka a wani dutse can nesa yana iya iske ku. Takalmi mai kama ƙasa ya zama dole, silifas ba na wurin nan ba ne. Lambar jami'an ceto 998 ce, ta motar asibiti kuma 997.

Game da dabbobi, wanda za ku fara haɗuwa da shi gwaggon biri ne, kuma ina roƙon iyayenmu mata da su hana yara jefa masa abinci, domin wannan ɗabi'a ce ta sa birai suka bar daji suka tare a bakin titi, suna fizge leda a hannun mutane. Mai tafiya shiru yana iya ganin makwarwar dutse, idan kuma ya matsa arewa wajen Tanuma da Namas, yana iya dacewa da wani tsuntsu ɗan uwan hankaka, baƙi da fari mai doguwar jela, wanda ake kira aƙ'aƙ na Asir, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai a waɗannan duwatsu. Damisar Larabawa kuwa, wadda a da take yawo a nan, ta yi ƙaranci ƙwarai, har ana kiwon ta a wata cibiya a Ɗa'ifa domin kada ta ƙare. Za ku kuma ga ar'ar da yawa sun bushe daga sama, kuma itace ne mai jinkirin girma, saboda haka ku sayi gawayinku daga gari, kada ku karya reshe don gasa nama, ga tara mai nauyi a kan hakan.

Wanda bai sami halin zuwa Abha ba, Hada da Shafa suna nan kusa da Ɗa'ifa, a kan wannan jerin duwatsu, kuma a Dutsen Kara har yanzu ana ganin tsohuwar turbar raƙuma da ta haɗa Makka da Ɗa'ifa. A can nake ba da shawarar masu ƙananan yara su fara gwadawa. Malam shugaba yana nuna mini agogo, kuma na ga Hajiya a baya ta ɗaga hannu tun ɗazu, saboda haka bari mu fara da tambayarta.