Buyukada: Yadda Ake Zaga Tsibirin a Keke da Kuma a Ƙafa

Assalamu alaikum masu kallo. Daga tashar Kabatash ta birnin Istanbul jirgin ruwa yake tasowa ya nufi Buyukada, wato mafi girma cikin tsibirai tara da ke kusa da birnin a tekun Marmara. Tafiyar takan ci kusan awa ɗaya da rabi, domin sai ya tsaya a tsibiran Kinaliada da Burgazada da Heybeliada kafin ya ƙarasa. Wanda masaukinsa ke ɓangaren Asiya, gara ya hau daga Bostanji, can tafiyar ba ta kai awa guda. Da katin İstanbulkart ake biya, wanda ake hawa bas da jirgin ƙasa da shi a cikin gari, don haka ku zuba masa kuɗin zuwa da na dawowa tun kafin ku taso.

A tsibirin nan ba a yarda mutum ya shigo da motarsa ba. Da can keken doki ne abin hawa, har zuwa ƙarshen 2019 da wata cuta mai yaɗuwa ta kama dawakan. A 2020 aka dakatar da su, aka kawo ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne ɗaukar tsibirin a matsayin shimfiɗaɗɗen fili. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 5 da ɗoriya ba, amma tuddai biyu ne suka haɗu suka yi shi: na arewa mai tsayin mita 164, da na kudu mai kimanin mita 200. Saboda haka akwai inda keke ya dace, akwai inda ƙafa ce kawai za ta kai ku.

Da kun sauka, za ku ga dogon ginin agogo a tsakiyar dandali, masu hayar keke kuma suna lungunan da ke kewaye da shi. Ana haya da awa ko da yini. In za ku zaga duka tsibirin har da hawan tudu, ku ɗauki na yini, domin awa huɗu za ta wuce ba ku sani ba. Za a nemi katin shaida a riƙe. Ku ba da wani katin daban, fasfo ya zauna a jikinku.

Yanzu ku kula da yadda mutum zai gwada keke kafin ya karɓa. Ya matse birkin dama, ya tura keken gaba. Ya matse na hagu, ya sake turawa. In ƙarfen birkin ya taɓa hannun keken kafin taya ta tsaya, wayar ta saki ko robar ta cinye, a canza muku wani nan take, babu kunya a ciki. Kekunan haya suna shan gangare kullum, birki ne abin da ya fara mutuwa a jikinsu. Bayan haka a ɗaga tayar baya, a juya feda, a sauya giya daga ƙasa har sama. Sarƙar da ke tsalle a gaban shago, a tsakiyar hawa za ta zame. A danna taya da babban yatsa a ji iska. Sirdi kuma a ɗaga shi har ya zama in feda na ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai. Gajeren sirdi shi ke kawo ciwon gwiwa tun ba a yi nisa ba. Kada ku tafi ba kwaɗon kulle keke.

Cikin kasuwa a tura keken da hannu, mutane sun yi yawa. In lokacin salla ya yi, masallacin Hamidiye yana ɗan sama da kasuwar, wanda Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina. Daga nan sai titin Chankaya, inda tsofaffin gidajen katako suke jere da lambunansu. A wani lungu da ke gangarawa teku akwai kangon gidan da Leon Trotsky ya zauna, domin a tsibirin nan ya yi gudun hijira daga 1929 zuwa 1933.

Hanya biyu ce. Ƙaramin zagaye yana kewaya tudun arewa ne kawai. Babban zagaye kuma, kimanin kilomita 12, yana bi ta bayan tudun kudu, inda gidaje suke ƙarewa, sai daji da teku. Can ɗin shaguna sun yi ƙaranci, ku riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum in lokacin zafi ne. Ana bin hannun dama.

Gangare ne ya fi jawo faɗuwa. Kada a damƙe birkin gaba shi kaɗai, keken zai kife da mutum ta ka. A matse biyun tare, a saki, a sake matsewa, kuma a rage gudu tun kafin a shiga kwana, ba a cikinta ba. Busassun ganyen itatuwan dajin, sirara kamar allura, suna taruwa a gefen titi, kuma suna da santsi ƙwarai. Sannan waɗancan motocin lantarkin da muka ambata ba su da ƙara. Mutum na tafe a tsakiyar titi yana kallon teku, mota ta iso bayansa bai ji ba. A cire abin sauraro daga kunne, a kama gefe, kuma in za a ɗauki hoto a tsaya cak.

Hanyoyin biyu suna haɗuwa a dandalin Birlik, wanda ake kuma kira Lunapark, tsakanin tuddan. Nan aikin keke ya ƙare na ɗan lokaci. A kulle shi, a hau tudun kudu da ƙafa zuwa cocin Aya Yorgi. Nisan kusan kilomita ɗaya ne, amma hawa ne mai tsauri a kan daɓen duwatsu, minti 20 zuwa 30 ga mai matsakaicin ƙarfi. Masu tura keke zuwa sama wahala biyu suke saya, domin saukowa a kansa ya fi hawan haɗari. Silifas ba ya yi a nan, a sa takalmi mai kama ƙasa. Daga sama ana hango sauran tsibiran da gaɓar Istanbul ta Asiya. Ranakun 23 ga Afrilu da 24 ga Satumba masu ziyara suna cika hanyar maƙil, wanda ke son sararin tafiya ya zaɓi wata rana.

A tudun arewa kuma, tafiyar ƙafa ce cikin daji zuwa wani ƙaton ginin katako da aka yi a 1898 don ya zama otal, daga baya ya koma gidan marayun Girkawa har zuwa 1964. Ana lissafa shi a matsayin ginin katako mafi girma a Turai. Ya lalace ƙwarai, daga bayan shinge ake kallonsa. Kada kowa ya kunna wuta ko ya yar da guntun taba a dajin nan.

Game da dawowa, ku ɗauki hoton jadawalin jiragen tun da safe a tasha. Asabar da Lahadi na lokacin zafi layi yana tsawo, jiragen yamma kuma suna cika. In iskar kudu maso yamma da suke kira lodos ta taso, musamman lokacin sanyi, akan soke tafiya. Ku mayar da keke aƙalla minti 40 kafin jirgin da kuka zaɓa, ku karɓi katinku, kuma kada jirgin ya zama na ƙarshe a jadawali.