Gidiyon, mutumin da ya ƙi rawani ya karɓi zinariya

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya, kuna jina? To madalla.

Kafin mu shiga labarin, bari mu gyara wata kalma. In an ce alƙali ko mahukunci a tsohuwar Isra'ila, kada ku hango mutum zaune da mai gabatar da ƙara a gabansa. Kalmar Ibraniyanci ita ce shofet, wato jagoran da kan taso lokacin da wuya ta yi wuya, ya tara ƙabilu, ya kori maƙiyi, sannan a ci gaba da kawo masa ƙara. A wancan zamani, wajen shekara 1,100 kafin haihuwar Almasihu, ba su da sarki ko rundunar dindindin. Wanda na zaɓo mana yau shi ne Gidiyon ɗan Yowash, daga ƙabilar Manassa, mutumin garin Ofra. Labarinsa na cikin Littafin Mahukunta, babi na 6 zuwa na 8.

Shekara 7 Madayanawa suna gasa wa Isra'ilawa aya a hannu. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: Madyana ce dai, inda Annabi Musa ya yi gudun hijira. Ba zama suke zuwa yi ba. Sai an sha wahalar noma, amfani ya nuna, su kwararo da raƙuma da tantuna kamar fara, su share gonaki har zuwa Gaza. Mutane suka koma kwana a kogunan duwatsu.

A nan muka fara ganin Gidiyon, yana sussukar alkama a cikin ramin matse inabi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san abin da nake nufi. Sheƙa tana son fili da iska. A rami kuwa, ka watsa sama, ƙaiƙayin ya dawo maka a ka, ya shige maka wuyan riga. Wannan mutumin mala'ika ya gaisar da lakabin jarumi! Shi ma bai yarda ba. Ya ce gidansu ne mafi rauni a Manassa, shi ne kuma ƙarami a gidan. Da aka umarce shi ya rushe bagadin gunkin Ba'al na mahaifinsa, da dare ya lallaɓa da barori 10. Daga nan aka laƙaba masa Yerubba'al. Sau biyu yana shimfiɗa ulun tunkiya yana neman alama da raɓa. Matsoraci ne mai yawan neman tabbaci, kuma ni abin da ya sa nake son sa ke nan.

Sunan nan Yerubba'al, a shekarar 2021 masu tonon kayan tarihi sun sanar da samun sa rubuce da tawada a jikin ɓallin tukunya a Khirbet al-Ra'i, na wajen wancan zamani. Wurin na kudu, nesa da ƙasar Manassa, don haka abin da ya nuna shi ne ana raɗa sunan a lokacin.

Mutum 32,000 suka amsa kiransa. Aka ce mai jin tsoro ya koma gida, 22,000 suka juya. Sauran 10,000 aka kai su bakin ruwa, aka tace su da yadda suka sha, aka bar 300. Na ga wasu malamai na murmushi. E, ya yi kama da jarrabawar ƙoramar Ɗalutu a Suratul Baƙara, aya ta 249. Mutanen daban ne, amma kamannin a fili yake.

Yaƙin kansa gajere ne. Tsakar dare, an sauya masu gadi ke nan, suka kewaye sansanin kashi uku, kowa da ƙaho da tulu, da jiniyar wuta ɓoye a cikin tulun. Suka fasa tuluna gaba ɗaya, wuta ta bayyana, ƙahoni suka ɗauka. Mutumin da ya farka cikin magagi ya ji ƙaho 300, zai ɗauka bayan kowane ƙaho akwai runduna. Madayanawa suka sassari juna, suka ranta a na kare.

Yawanci a nan ake rufe littafi a tafa. Ni babi na 8 ne ya kawo ni.

Da Gidiyon ya haye kogin Urdun yana bin sarakunan Madayanawa biyu, Zeba da Zalmunna, ya roƙi mutanen Sukkot gurasa don mayaƙansa. Suka ce sai sun ga sarakunan a hannunsa. Kada ku yi saurin zaginsu, su ne a bakin iyaka, in ya sha kashi a kansu za a huce. Da ya dawo, ya sa wani saurayi ya rubuta masa sunayen shugabanni da dattawan garin su 77, ya hore su da ƙaya. A Feniyel, inda su ma suka hana shi gurasa, ya rushe hasumiya ya karkashe mazan garin. 'Yan uwansa ne fa, waɗanda aka aiko shi ya ceta.

Sai jama'a suka ce ya mulke su, shi da ɗansa da jikansa. Ya ce a'a, Ubangiji ne zai mulke ku. Magana kamar zuma. Amma bai rufe baki ba ya ce kowa ya ba shi 'yan kunnen ganimarsa. Aka shimfiɗa mayafi, aka tara zinariya shekel 1,700, kusan kilo 20. Ya ƙera falmaran irin ta firistoci ya ajiye a Ofra, mutane suka mai da ita abin bauta. Wanda ya fara da rushe gunki a garinsu, a garin nan ya dasa wani. Ya tara mata, ya haifi 'ya'ya maza 70. Ɗan da ƙwarƙwararsa ta Shekem ta haifa masa kuwa, ya sa masa Abimelek. Ma'anarsa: ubana sarki ne. Ku ji fa, daga bakin wanda ya ce ba ya son sarauta.

Ƙasa ta zauna lafiya shekara 40, wannan ba za a ƙwace masa ba. Amma yana rasuwa Abimelek ya yi hayar 'yan iska da azurfar ɗakin gunki, ya yanka 'yan uwansa a kan dutse guda, Yotam autansu kaɗai ya tsira. Ya yi mulki shekara 3, har wata mata a Tebez ta jefo masa dutsen niƙa daga kan hasumiya, ya fasa masa kai. Ya roƙi mai riƙe masa makamai ya ƙarasa shi, wai kada a ce mace ta kashe shi.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Baba, na ga hannunka tun ɗazu, a miƙa masa lasifika.