Auta da Amfilifaya Mai Kwalba

Malama: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar da Auta ya saka hoton nan na amfilifaya mai kwalba, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti mai kwalaben gilashi da ke haske kamar fitilu, a zaurenmu na WhatsApp ba mu huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: waɗannan fitilun na mene ne?

Auta: Wallahi Anti, wani cewa ya yi injin ƙyanƙyasar ƙwai na sayo.

Injiniya: Ai bai yi nisa da gaskiya ba, zafinsa zai iya.

Auta: Ban ma saya ba tukuna. Wani ne a Legas yake son rabuwa da shi, Dynaco ST-70, na hannu amma...

Injiniya: Dakata. Wace irin sifika ce a ɗakinka?

Auta: Yaya, ka bari in kai aya mana.

Injiniya: Ba sai ka kai ba. ST-70 na san shi kamar yunwar cikina. A 1959 ya fito a Amurka, kwalba EL34 guda huɗu ke tura sautin, wat 35 kowane ɓangare, na sifikar hagu da ta dama. Kaya ne mai kyau, ba na musu. Amma wat 35 a kan ƙananan sifikun nan naka na kan kanta, waɗanda da ƙyar suke kai desibel 85 a ma'aunin ƙarar da sifika ke bayarwa, kamar ka ɗaura wa ɗan maraƙi garma ne. Duk desibel 3 da ka rasa a sifika, sai ka ninka ƙarfin amfilifaya kafin ka maido shi. Mai sifika mai desibel 95, irin masu bakin ƙaho na kamfanin Klipsch, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da kake bukata ya ishe shi. Shi ya sa masu kwalbar 300B, wadda Western Electric ya fitar tun 1938, suke zaune lafiya da wat 8 kacal.

Malama: Takwas? Fitilar banɗakina ta fi haka.

Injiniya: Kuma ta cika falo, Malama, in sifikar ta dace.

Malama: Ni fa sunan ne ya dame ni. Kai kana cewa kwalba, mahaifina kuma bawul yake cewa.

Auta: Bawul ai na mai faci ne.

Injiniya: Mutanen Ingila ne ke kiran sa haka, shi ya sa tsofaffin masu gyaran rediyo suka ɗauka. Kakanmu yana da rediyo mai kwalba, ƙato kamar akwatin lefe. Sai ya murɗa shi ya tafi ya yi alwala, kafin ya dawo ya yi zafi ya soma magana. Lokacin Sashen Hausa na BBC ma bai daɗe da buɗewa ba, tunda a 1957 aka fara.

Malama: Wato rediyon ma sai ya shirya.

Auta: Ni ba abin da ya tsaya mini a rai sai labarin ɗumamen.

Injiniya: Kai dai ba ka mantuwa. Sau ɗaya ne kawai gwaggo ta ɗora kwanon tuwo a kan rediyon.

Malama: Ya ɗumamu?

Injiniya: Tuwon ya yi, miyar ce ta bi ta ramukan iska.

Auta: Kuka ko kuɓewa?

Injiniya: Kuɓewa. Wata guda ana jin labaran duniya da ƙamshin daddawa.

Malama: To Auta, ka ji, in ka saya ka rage kuɗin gawayi. Har kilishi sai ka riƙa gasawa.

Auta: In buɗe shago ke nan, waƙa kyauta, tsire da kuɗi.

Malama: Mu dawo hanya. Injiniya, sautin nan da ake ta zuzutawa, gaskiya ne ko son tsohon abu ne?

Injiniya: Gaskiya ne, amma ba don ya fi tsabta ba. In ka auna da na'ura, na taransista, wato na zamani marar kwalba, ya fi shi fitar da sauti yadda aka naɗe shi. Kwalba tana ƙara wani ɗan amo a saman kowace murya, ninki biyu na ainihin sautin, kunne kuma yana son wannan. Ƙanzo ne. Ƙonewa ce, amma yara har faɗa suke yi a kansa. Sa faifan garmaho mai goge ko kukuma ka ji yadda kaifin ke laushi.

Auta: Ka gani ko, Anti!

Injiniya: Ban gama ba. Wanda za ka saya, in na kasuwar Amurka ne, wutar bolt 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Ka soka shi a bango kai tsaye, sai hayaƙi. Dole taransifoma mai rage wuta, dole sitabilaiza. Sannan yana jan kusan wat 200 ko ana waƙa ko an yi shiru, duk ya koma zafi. Ka tuna watan Afrilu, kana kan inbata, fanka na neman nata kason. Ga ƙurar hunturu. Ga shi a cikinsa akwai sama da bolt 400, kuma ko ka zare shi daga wuta kafasito, wato ma'ajiyar wuta da ke cikinsa, na riƙe da ita, kada ka ce za ka buɗe da sukundireba. Kada kuma ka taɓa kunna shi ba sifika a jone, taransifomar fitar da sauti ce za ta ƙone, ita ce kuwa mafi tsada a jikinsa.

Malama: Ga 'yarka mai rarrafe, ta ga fitila tana ja.

Auta: Wannan kam sai na sa masa keji.

Injiniya: Kwalaben ma suna tsufa, bayan awa dubu kaɗan sai canji, kuma bibbiyu ake saye waɗanda aka gwada suka yi daidai, a sake saita su. Masu ƙera su ba su da yawa: JJ a Sulobakiya, masana'antar Saratob a Rasha, sai 'yan China. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Malama: To a taƙaice, ya saya ko ya haƙura? Mun yi wa masu sauraro alkawarin hukunci.

Injiniya: Abu uku zan ce. Na farko, ya fara canza sifika. Na biyu... af, an ɗauke.

Auta: Batirin na'urar naɗin saura kaɗan, Anti.

Malama: To sai mako mai zuwa. Injiniya, miyar nan, wa ya wanke rediyon?