Sharhi: Gundumar Imperial, Hamadar da ke Cika Kasuwannin Amurka da Latas

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu can kudu maso gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, zuwa gundumar Imperial, wadda ke dab da iyakar Meziko.

A kan hanyar garin Brawley akwai wani dogon rumbun sukari. Can sama a jikinsa an ja layi, an rubuta cewa nan ne daidai da saman teku. Sai mutum ya ɗaga kai kafin ya ga layin, domin yawancin gonakin yankin suna cikin kwari ne, ƙasa da teku. Ruwan saman da ake samu a shekara bai wuce milimita 75 ba, zafin bazara kuma yakan haura digiri 43. Amma da sanyi ya shigo, lokacin da ƙanƙara ta rufe gonakin arewacin Amurka, daga nan da maƙwabciyarta Yuma ake lodin yawancin latas ɗin da Amurkawa ke ci, ga karas da albasa.

Noman rani ne zalla, kuma ruwan na kogin Kolorado ne. A 1901 wani kamfani ya fara janyo shi ta wata hanyar ruwa da ta ratsa cikin Meziko. A 1905 kogin ya ɓalle, ya yi ta kwarara cikin kwarin kusan shekara biyu, sai a farkon 1907 kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya toshe ɓarakar da tulin duwatsu. Ruwan da ya taru shi ne tafkin Salton na yau. A wannan shekara ta 1907 aka yanke gundumar daga San Diego, kuma ita ce auta a gundumomin Kalifoniya 58. Daga baya manoman suka ƙi yarda ruwansu ya ci gaba da bi ta ƙasar wasu, aka haƙa musu kanal mai tsawon kilomita 130 a cikin Amurka, wanda ya fara kawo ruwa a 1940.

To, a nan gizo ke saƙar. Dokar ruwa a yammacin Amurka ta ce wanda ya riga kai wa ruwa hannu shi ke gaba a rabo. Saboda haka hukumar ban-ruwa ta Imperial, wadda aka kafa a 1911, tana da haƙƙin kusan kashi 70 cikin 100 na rabon Kalifoniya daga kogin. Gundumar da mutanenta kusan 180,000 ne kawai, rabonta ya kai na jihohin Arizona da Nebada a haɗe, har da birnin Las Vegas a ciki. Babban kaso na ruwan kuma a ciyawar alfalfa yake ƙarewa, wadda ake turka shanu da ita, ake kuma ɗaure ta dami-dami a tura Japan, Sin da Saudiyya. Duk sanda fari ya matsa wa kogin, mutanen birane da wannan ciyawa suke fara nuna yatsa. Manoman kuma su ce ai kakanninsu ne suka haƙa tun babu kowa. A ganina kowanne yana da abin faɗa, amma akwai wanda ba a cika jin muryarsa a gardamar ba.

Shi ne lebura. Tun ƙarfe biyu na dare layi ke miƙewa a mashigar iyaka ta garin Calexico: maza da mata daga birnin Mexicali na Meziko, fuska a naɗe da ƙyalle, abinci a jaka, suna jiran a duba takardunsu. Motocin 'yan kwangila na tsaye a ɓangaren Amurka. Kafin rana ta fito sun duƙa a kan kunya da wuƙa, da yamma su sake tsallakawa gida. Sunayen garuruwan biyu ma an gauraya su ne daga Kalifoniya da Meziko, ɗaya ya fara da wannan, ɗaya da wancan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mazauna gundumar 'yan asalin Latin Amurka ne, kuma Sifaniyanci ake ciniki da shi a kasuwa. Duk da amfanin gona na biliyoyin daloli, gundumar kusan kullum ita ke kan gaba a rashin aikin yi a Kalifoniya, don aikin na kaka ne. A yajin aikin masu yankan latas na 1979, wanda ƙungiyar leburorin gona ta Cesar Chavez ta jagoranta, a wata gona ta nan aka harbe lebura Rufino Contreras.

Af, akwai wani reshe na tarihin da ba a cika sani ba. A farkon ƙarni na 20 manoma daga Punjab ta Indiya, yawancinsu mabiya Sikh da wasu Musulmi, sun zo kwarin. Doka ta hana su kawo mata daga gida, dokar 1913 kuma ta hana su mallakar gona. Sai suka auri matan Meziko. Har yau ana samun iyalai da sunan yanka na Sifaniyanci, na kaka kuma Singh ko Khan.

Mu koma ga tafkin Salton. Ba shi da mafita, ragowar ruwan gonaki ne ke ciyar da shi, da gishirinsa da takinsa. A 2003 aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa San Diego wani kaso na ruwan noma. Abin da ke gangarawa tafkin ya ragu, bakinsa ya ja baya, iska ta shiga kwasar ƙurar busasshen laka tana zubawa a garuruwa. Yaran gundumar suna cikin waɗanda asma ta fi kai wa asibiti a duk jihar.

Yanzu kuma ƙarƙashin kudancin tafkin an tabbatar da akwai lithium mai yawa, sinadarin batirin motocin lantarki, a cikin ruwan zafin da tashoshin wuta suka daɗe suna haƙowa. A 2022 Kalifoniya ta sa haraji a kan haƙarsa, ta ce kashi 80 cikin 100 zai zauna a gundumar, 20 kuma a kashe wajen gyaran tafkin. Mutanen Brawley da Calipatria dai sun ce sai sun ga 'ya'yansu a cikin ma'aikatan tukuna.