Allura ta ce mai yana sauka

[Hanyar Tanut da dare, fitilun matatar mai daga nesa.]

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Duk ranar da gobara ta tashi a wani kamfani, ko tanka ta kife, kafin wuta ta mutu an riga an yanke hukunci a fada da WhatsApp: "Sakaci ne, a kore shi." Sai sanarwa ta fito ta ce kuskuren ma'aikaci ne, kowa ya ce to, an gano. Wannan "an gano" ɗin ne ya dame ni har na haɗa bidiyon nan, don inda muke rufe magana, daga nan masu binciken hatsari suke soma tasu.

Abin ya shafe mu. Tun Nuwamba 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki arewa da Damagaram, ganga 20,000 a rana, ɗanyen mai na zuwa ta bututu daga Agadem, kilomita 460 da ɗoriya. Ƙannenmu da ƴaƴanmu na cikin masu kwana a gaban allunan kula da matatar. Misalin da zan kawo kuwa daga Amurka yake, inda aka yi bincike aka baje komai a faifai.

Ranar 23 ga Maris 2005, matatar BP ta Texas City. Ana tayar da wata hasumiyar tace mai bayan gyara, tsawonta mita 52. Ana ta ɗura mata mai, bawul ɗin da zai fitar da shi ta ƙasa yana rufe, fiye da awa 3. Ta cika ta tumbatsa, mai ya yi tsiri sama ta wani bututun fitarwa, tururinsa ya iske wata mota da aka bari a kunne. Ga abin da ya biyo baya.

[Hotunan gobarar. A bar su su yi magana.]

Mutum 15 suka rasu, 180 suka ji rauni.

Wa ya bar bawul a rufe? Ma'aikaci. Ba gardama, kamfanin ma ya kori wasu. To a nan nake so mu dakata, mu ja kujera mu zauna inda ya zauna.

Ba ya ganin hasumiyar. Ɗaki ne da allon kwamfuta. Kun san ɗan kabu-kabun da allurar mansa ta mutu: ya tsaya gefen kasuwar Dole, ya girgiza babur, ya kasa kunne ya ji motsin isansi, in bai gamsu ba ya buɗe murfi ya leƙa. Shi yana da wannan gatan. Mai kula da hasumiya ba abin da zai girgiza, allura ce idonsa. Ma'aunin nan kuwa gindin hasumiyar kaɗai yake aunawa, ƙasa da mita 3. Da mai ya wuce nan, ya makance. Kuma da man ya ɗau zafi ya kumbura, nauyinsa ya ragu, sai ma'aunin ya riƙa nuna kamar sauka yake yi. Lokacin da mai ya kai mita 48, allo na nuna bai kai mita 2 da rabi ba, kuma yana raguwa.

Ku sake kallon lambobin nan guda biyu. Ɗaya a cikin ƙarfe, ɗaya a gaban idonsa.

Ƙararrawa ta biyu da ya kamata ta yi kuka ba ta yi ba. Gilashin da ake leƙawa daga waje ya yi dauɗa, ba a ganin komai. Lissafin man da ke shiga da na wanda ke fita ba a shafi ɗaya suke ba. Shugaban da ya san aikin an kira shi gida saboda rashin lafiyar iyali, ba a kawo madadinsa ba. Shi kuma bawan Allahn nan mai kula da hasumiyar kwana 29 ke nan a jere yana aikin awa 12. Wanda ya yi azumi cikin zafin Afrilu a Damagaram ya san yadda kai ke zama bayan la'asar, makulli na hannunka kana nemansa. Sannan cika hasumiyar ta wuce alama lokacin tayarwa ba baƙon abu ba ne a wurin, an sha yi ana wanyewa lafiya.

Mu yanzu mun san ƙarshen labari, shi ya sa komai ya fito mana ɓaro-ɓaro. Shi da tsakar ranar nan bai san akwai labari ba. Don haka masu bincike kan tambaya: da za a ɗauko wani ƙwararre a zaunar da shi a kujerar nan, da gajiyar nan, da allon nan, zai yi daban? In amsa a'a ce, kora ba ta gyara komai ba, kujerar na nan tana jiran na gaba. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya kunna taba kusa da tanki yana sane, wannan ganganci ne, hukuncinsa daban, ba shi nake karewa ba.

[Zana huɗu a jere, tocila a bayansu.]

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, James Reason, ya kwatanta abin da yankan cuku mai ramuka. Cukun da muke saye wajen Buzaye ba shi da rami, don haka na aro zana. Kowace na da ɓula, amma haske bai wuce ba. Yanzu ku duba, na gyara su ɓulolin sun daidaita. Ma'auni zana ne, ƙararrawa zana, shugaba zana, hutu zana. Ta ƙarshe a Texas City ita ce tazara: an jera ɗakunan wucin gadi na ƴan kwangila kusa da bututun da man ya fito, wani bai kai mita 40 ba. A cikinsu da kewayensu mutanen nan 15 suka rasu, ba wanda ya taɓa bawul a cikinsu, ba kuma wanda ya ce musu su matsa.

Ni a ganina ba mu buƙatar a koya mana wannan daga waje. Liman, duk iliminsa, yana rafkanwa. Ba a tuɓe shi saboda ya zauna inda ya kamata ya miƙe. Mamu ya ce "Subhanallah," ko da yaro ne, akwai kuma ƙabli da ba'adi. An san za a yi mantuwa, aka tanadi gyara. Ina ma a wuraren aikinmu ƙaramin ma'aikaci zai iya ce wa shugabansa "Ranka ya daɗe, a dakata" bai ji tsoron abincinsa ba.

[Tsohon hoton jirgin yaƙi kwance a kan cikinsa.]

A 1943 matuƙan B-17 na Amurka suna ta naɗe tayoyi bayan sauka, jirgi ya faɗi rub da ciki, ana rubuta kuskuren matuƙi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ya duba, ya tarar makunnin tayoyi da na fiffike iri ɗaya ne, gefe da gefe. Ya liƙa ƴar tayar roba a kan ɗaya, ɗayan ya ba shi siffar fiffike, hannu ya riƙa bambancewa ko ido na wani wuri. Wannan kuskuren ya kau. In Allah ya sa kun hau jirgi daga nan zuwa Yamai kuma ƙofar matuƙa na buɗe, ku leƙa: mariƙin tayoyin har yau da ƴar taya a kansa.